Shagon kayan jarirai na wajen titin Bauchi da littafinsa na bashi

Tun da Allah ya azurta mu da 'yan biyu, in ka ɗebe masallaci da wurin aiki, babu inda ƙafata ta saba da shi a garin Jos kamar wani shagon kayan jarirai da ke wajen titin Bauchi. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ban nemi izinin mai shagon ba kafin in zauna rubutu. Ɗaki biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu aka mai da su ɗaya. Ɓangaren dama na famfas ne, an jera shi tun daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi, ɓangaren hagu kuma na baho da fida da sabulu da man shafawa ne, sai rigunan sanyi da huluna da safa da shawul, waɗanda duk mai jariri a garin nan ya san ba kayan ado ba ne, musamman daga Disamba zuwa Janairu lokacin da hunturu ke sauka a kan tudun Filato. Madarar gwangwani tana cikin wata kwabar gilashi a bayan kujerar mai shagon, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, kuma ba ta barin kowa ya buɗe kwabar in ba ita ba. Yara biyu ne ke taya ta aiki.

Na fara sayayya a wurin ne saboda kusanci kawai. Abin da ya sa na ci gaba da zuwa ya faru ne wani dare cikin hunturu, lokacin 'yan biyun ba su cika wata uku ba. Bayan sallar isha'i maman 'yan biyu ta zazzage ledar famfas sai guda uku suka faɗo, ga ɗaya daga cikin yaran yana fama da zawo tun la'asar, ga gwangwanin madara cokali ya fara kankarar ƙasansa. Nononta bai wadatar da su biyun ba tun farko, shi ya sa a asibiti aka ba mu shawarar a riƙa haɗa musu da madara. A lokacin, tsakanin su biyu, muna kashe famfas goma sha biyu zuwa goma sha huɗu a yini da dare, saboda haka guda uku ba za su kai mu ko tsakar dare ba. Akwai kuɗi a asusuna, ba masu yawa ba amma sun isa, sai dai babu ko sisi a aljihuna.

Na fara nufar wani babban kanti na cikin gari saboda na san yana kai wa dare. Na ɗauki leda ɗaya ta famfas da gwangwani ɗaya, na bi layi, aka saka katina a na'ura sau uku tana ƙi. Na gwada tiransifa, wayata ta yi ta juyi ba ta tafi ba. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ja kayan ta ajiye a ƙarƙashin kanta, ta kira na bayana. Na nemi ganin manaja, na yi masa bayani, har na ce zan bar katin shaidar aikina da agogona zuwa safiya. Ya saurare ni cikin ladabi, ya ce: "Oga, ka yi haƙuri, kwamfutarmu ba ta san bashi ba." Na fita raina a ɓace, amma daga baya da na yi tunani sai na ga ba ni da dalilin riƙe su a zuciya. Shi da yarinyar duka ma'aikata ne, kaya ba nasu ba ne, kuma duk giɓin da aka samu a lissafin dare su za a tambaya. Masu POS na bakin hanya duk sun tashi saboda sanyi, ɗaya da na samu ya ce shi ma sabis ya ɗauke masa.

Na isa shagon Hajiya yaron yana jawo ƙofa. Ban ma gama sallama ba ta dube ni ta ce: "Baban 'yan biyu, lafiya da daren nan?" Na fara kame-kame, domin namiji mai albashi bai saba buɗe baki ya roƙi bashin famfas ba. Ba ta bari na ƙarasa ba. Tambayarta ta farko ita ce lamba nawa suke sawa yanzu, ta biyu kuma wace madara aka fara musu, don kada a canza musu iri ana cikin zawo. Ta sa yaron ya sauko da leda ɗaya, ta buɗe kwaba da kanta ta ɗauko gwangwani, ta juya ƙasansa ta nuna mini ranar ƙarewar wa'adinsa. Sannan ta jawo wani dogon littafi mai bangon kwali, ta rubuta kwanan wata da kayan da farashinsu, ta tambaye ni ranar da zan biya, ta rubuta, ta miƙo mini biro in sa hannu. Da zan fita ta ce: "In zawon nan bai tsaya ba, kada ku jira, ku kai shi asibiti. Jariri ba ya jure rashin ruwa a jiki." Da asuba sabis ya dawo na tura mata kuɗinta, da hantsi kuma muka kai yaron asibiti.

Tun daga ranar nake juya tambayar a raina, na kuma sha tayar da ita a majalisarmu: shin ya kamata shaguna su riƙa taimaka wa iyayen da kayan jariri suka yanke musu? Akwai masu cewa shago ba gidan sadaka ba ne, wanda ya haifi ɗa shi ya san yadda zai yi da shi. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, kuma duk wanda ya san halin da 'yan kasuwa ke ciki ba zai yi saurin watsar da ita ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na shekarar, farashin kayan jarirai ya daina zama wuri ɗaya. A ƙarshen 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai yin Pampers, ya sanar da cewa zai daina sarrafa kaya a Nijeriya ya koma shigo da su daga waje, a 2024 kuma Kimberly-Clark, mai yin Huggies, ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Ma'anar wannan ga ƙaramin ɗan kasuwa ita ce, idan ya ba da leda bashi yau aka biya shi bayan wata ɗaya, yana iya zuwa sari ya tarar kuɗin ba su sayen ledar da ya bayar. Bashin da ba a ɗora masa ko kwabo ba ma asara ce gare shi, balle wanda aka gudu da shi. Hajiya da kanta ta taɓa buɗe mini wasu shafuka na baya da ta ja wa jan layi, ta ce masu su sun tashi daga unguwa ba sallama.

Duk da haka ra'ayina shi ne ya kamata su taimaka, kuma dalilina bai tsaya ga tausayi ba. Kayan jariri ba kamar sauran kaya ba ne. Babba zai iya kwana da yunwa ya jira safiya, zai iya maimaita riga, amma jaririn da ya ɓata jikinsa ƙarfe goma na dare ba ya jiran albashi ko dawowar sabis. Sannan a garin nan yankewar kaya ba kullum ne sakaci ke jawo ta ba. Mun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da abin sayen ko sabulu. Mun ga dokar hana fita ta sa'o'i 24 a watan Agustan 2021, mun sake ganin ta a watan Agustan 2024, kuma duk wanda ke sayen famfas ɗai-ɗai kullum saboda abin da samunsa ya ba shi ke nan, doka irin wannan tana kama shi babu ko ɗaya a ɗaki. Shagon da ke cin riba daga iyayen unguwa shekara da shekaru, wanda suke tsallake wasu shaguna su zo wurinsa, bai kamata ya mai da su baƙi ba a daren da suka fi bukatarsa. Ban ce wajibi ne da za a tilasta wa kowa ba. Abin da na ce shi ne akwai hanyar yin sa ba tare da jari ya karye ba, kuma a wannan shagon na gan ta.

Littafin yana da ƙa'idoji, ko da yake ba a rubuta su a bango ba. Ba a buɗe wa mutum shafi sai wanda ya saba sayayya a wurin, ko wanda wani sananne ya kawo ya tsaya masa. Ba a ba da baho ko keken koyon tafiya ko kayan suna bashi, sai abin da jariri ba zai kwana babu shi ba. Ba a ƙara sabo sai an biya tsoho, in ba wani uzuri aka zo da shi ba. Farashin ranar da aka ɗauki kaya shi ake biya ko da ya tashi kafin ranar biya, kuma wannan ita ce ƙa'idar da ta fi burge ni, domin na san abin da take ci mata. Da na yaba mata yadda take rubuta komai har da sa hannu, sai ta tuna mini cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta ce wanda ya ƙi rubutu shi ne ke neman ɓata zumunci. A can ƙarshen littafin akwai wani shafi daban da take rubuta canjin da wasu masu saye ke bari da gangan. Daga nan take cire famfas biyu ko uku ta ba wadda ta san ba ta da hanyar biya, ba tare da ta buɗe mata shafi ba.

Akwai taimakon da ba ta yi ko an roƙe ta, kuma a nan ne na fara yi mata mummunar fahimta. Wata rana ina tsaye wata matashiyar uwa ta shigo da goyo, ta ce a auna mata madarar jarirai ta ɗan abin da ke hannunta a ƙulla mata a leda, kamar yadda ake ƙulla madarar shayi. Hajiya ta ce ba ta fasa gwangwani. Matar ta yi magiya, ta ce na kwana biyu kawai take so. Hajiya ta ƙi. A raina na ce ashe alherin nata na masu albashi ne. Sai na ga ta jawo mata kujera, ta tambaye ta watan yaron nawa, ko tana shayarwa, me ya sa ta fara ba shi madara. Ashe wata maƙwabciya ce ta ce mata nononta ba ya ƙosar da shi saboda yawan kuka, kuma gwangwanin farko da ta saya ta yi ta ƙara masa ruwa don ya daɗe. Hajiya ta ce mata ta ci gaba da sa shi a nono sosai, ta je asibitin sha-ka-tafi na unguwa gobe a auna nauyinsa, in ma'aikatan lafiya sun ce lallai sai da madara ta dawo da mijinta ko wani nata a buɗe mata shafi ta ɗauki cikakken gwangwani. Ta ba ta famfas uku daga wancan shafi na ƙarshe.

Da na ba wata ma'aikaciyar jinya labarin ranar da muka kai yara rigakafi, ita ta wayar mini da kai. Garin madarar jarirai, ko a rufe yake, ba a ɗaukar sa a matsayin wanda babu ƙwayar cuta a cikinsa kwata-kwata, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce shi kafin a ba yaro. Gwangwanin da aka buɗe yana da ƙayyadadden lokaci, galibi kusan wata ɗaya, kuma kowane iri yana zuwa da cokalinsa na awo da umarninsa a jikin gwangwani. Wadda aka ƙulla wa a leda ba ta da cokali, ba ta da umarni, ba ta san ranar da aka fasa ba, ba ta ma da tabbacin abin da ke ciki. Ƙara ruwa fiye da ƙima kuwa yana barin yaro da cikakken ciki babu abinci, yana kuma iya yi masa illa mai tsanani. Akwai kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 1981 kan tallan abubuwan da ke maye gurbin nonon uwa, wadda ta hana raba wa iyaye mata samfurin madara kyauta, kuma a Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan wannan. Hikimar ita ce uwar da aka ɗanɗana wa gwangwanin kyauta tana rage shayarwa, nono ya ja baya, sai ta wayi gari dole ta sayi abin da ba ta da kuɗinsa, alhali shawarar likitoci ita ce nono zalla har wata shida ga duk wadda za ta iya. Ban tambayi Hajiya ko ta san wannan ƙa'ida ba, amma abin da ta yi ya dace da ita.

To sai ƙorafi, kuma ba kaɗan ba ne. Famfas ɗin da ake sayarwa ɗai-ɗai, wanda shi ne rufin asirin talaka, ana zuba shi ne a buɗaɗɗen kwali kusa da ƙofa, inda ƙurar hunturu da hayaƙin Keke ke shigowa, kuma yaron da ya gama ƙirga kuɗi da hannun nan zai damƙo shi. Abu ne da zai taɓa fatar jariri na sa'o'i, roba mai murfi ɗaya ta isa ta magance matsalar, na faɗa sau biyu ba a canza ba. Farashin leda ya ɗan ɗara na 'yan sari na wajen Taminus, saboda haka wanda ke da kuɗi a hannu da lokacin shiga kasuwa zai fi samun sauƙi a can, ni ma in albashi ya shigo can nake sayen na wata. Ba sa ba da rasit sai ka nace. Sau ɗaya kuma na tarar da man shafawa a kan kanta wanda saura 'yan makonni wa'adinsa ya ƙare, abin da ke nuna kulawar da ake ba kwabar madara ba ta kai sauran kantocin ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da babban yaron shagon ya yi wa wata mata ranar da Hajiya ta tafi ta'aziyya. Matar ta zo sayen sabulu da kuɗinta, shago cike da mutane, sai ya ɗaga murya ya ce: "Maman yara, akwai fa sauran naki a littafi tun wancan makon." Matar ta ajiye sabulun ta fita ba ta ce uffan ba. Duk amfanin littafin nan sutura ce, in aka karanta shi a bainar jama'a gara ma ba a buɗe shi ba. Na sanar da Hajiya, ta ce za ta yi masa faɗa, kuma tun daga nan na lura littafin ya koma cikin jakarta. Sai dai gyaran ya zo da tasa matsalar, domin yanzu duk ranar da ba ta nan babu bashi ko ga wanda ya shekara yana biya kan lokaci. Tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya.

Wani abu ƙarami da ba na so in manta shi ne bencin da ke bayan labule a ƙuryar shagon, da shimfiɗar leda da buta da fulas na ruwan ɗumi. Duk uwar da yaronta ya ɓata jiki tana hanya za ta iya shiga ta gyara shi ko ta shayar, ko ta sayi wani abu ko ba ta saya ba. Bai ci wa shagon komai ba sai faɗin tabarma ɗaya. Manyan kantunan da ke cewa kwamfutarsu ba ta san bashi ba, na yarda da uzurinsu a kan bashi, amma ban ga abin da zai hana su ware irin wannan lungu ba, ko su ajiye ƙananan ƙunshi na famfas biyar ko goma a kusa da wurin biya, ko su ba manajan dare ikon sallamar abu ɗaya in na'urarsu ce ta gaza ba aljihun mai saye ba.

Surukata, da ta ji labarin daren nan, dariya ta yi ta ce su da ƙyalle suka raini yara tara ba su taɓa cin bashin ƙunzugu ba. Gaskiyarta ce, sai dai ƙyallen 'yan biyu a damunar Jos, inda rana kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba, ga ruwan famfo sai an ga dama, ba ƙaramin aiki ba ne. Hajiya ta ɗauki matsakaiciyar hanya, ta sa na sayi nafkin na wanki guda shida da wandon roba biyu, ta ce a ajiye su a ƙasan akwati kada a taɓa sai ranar da leda ta ƙare. Sau biyu muka ciro su zuwa yanzu.

Makon jiya na je canza lamba, domin yaran sun yi nauyi lamba uku ta fara yi musu shaida a cinya. Leda ɗaya da ba a fasa ba ta karɓa ta musanya mini da lamba huɗu na cika ɗan abin da ya hau. Rabin ledar da muka riga muka fasa ta ce ba ta karɓar ta a matsayin kayan sayarwa, amma in na bar mata za ta san inda za ta kai ta. Na ƙirga, guda goma sha tara ne, ta rubuta su a shafin ƙarshe. Kwalin nan na bakin ƙofa yana nan a buɗe yadda na bar shi.